Malamar da Ta Koya Mana Zargi

Ƙarfe bakwai saura kwata Malama Pelagiya take fitowa daga gida. Takan ja ƙofa, ta murɗa makulli sau biyu, sannan ta gangara ta bi gefen lambatun da ke ɗauko ruwa daga marmaro zuwa lambunan ƙauye. Ba ta bin titi, ko da yake titin ya fi kusa. A kowace mararrabar ruwa takan tsaya ta leƙa marfin ƙarfen da ake tare ruwa da shi, ta ga lambun wa ruwan ya nufa. Daga nan ta biya gidan burodi ta karɓi rabin burodi, ta ratsa dandali, ta shiga motar da ke kai ta makarantar sakandare a garin da ke gindin dutse, inda take koyar da tsohon harshen ƙasarmu da hikimar masanan dā na Atina. Ƙarfe biyu ta dawo da jaka cike da takardun ɗalibai. Shekara talatin da huɗu ke nan tana haka, kuma a wannan watan ta ajiye alli.

Wannan bayani ba daga bakinta na samo shi ba, don ita in ka tambaye ta yadda take yininta sai ta tambaye ka me za ka yi da amsar. Daga wurin Barba Stamatis na samo shi, Barba kuwa haka muke kiran wanda ya girme mu, kamar a ce kawu. Shi ne tsohon nan da ke zama a teburin farko na shagon gahawa, bayansa jingine da bango don kada wani ya ɓullo masa ta baya. Duk ƙauyenmu na Drimonari an san halinsa. Likita ya taɓa ce masa lafiyarsa ƙalau, washegari ya shiga mota ya tafi wurin wani likitan don ya ji abin da na farkon yake ɓoye masa. Tun ranar da Malama ta sa ƙafa a ƙauyen nan ya sa mata ido, kuma har yau bai ɗauke ba. Na ga in dai yabonta zan yi, gara in ɗauko shaida daga bakin wanda ya fi kowa son ya kama ta.

"Mace ta bar titi mai kyau ta bi lambatu kullum," in ji shi, "ka ce min motsa jiki take yi? Haba ɗana, akwai dai abin da take nema."

Malama ba 'yar nan ba ce. Daga arewa marigayi Anestis ya auro ta, don haka har gobe in rai ya ɓaci akan ce mata baƙuwa. Lokacin da ta zo, ruwan marmaro yana hannun shugaban ƙauye ne shi kaɗai. Shi yake yanke wa kowa ranar ruwansa. Danginsa da masu zaɓensa su sami ruwan safe, sauran mutane su sami na tsakar rana, wanda rabinsa ƙasa ke shanyewa tun a hanya. Kowace bazara sai an fasa wa wani kai da fartanya. Kowa ya san zalunci ne, kowa kuma yana jira ranar da ɗan uwansa zai zama shugaba ya rama.

Wata ranar Lahadi bayan an fito daga coci, maza sun cika shagon gahawa ana ta hayaniya a kan ruwa, sai ga baƙuwar amarya ta shigo. A wancan zamanin mace ba ta shiga shagon. Barba Stamatis, wanda a lokacin gashinsa baƙi ne wuluk, shi ya fara magana.

"Kiriya," ya ce, wato uwargida, "gidan burodi yana can gaba."

"Na sani, Barba. Na jiyo kuna maganar mulki ne, na ce bari in zo in ƙaru."

"Ki ƙaru? To zauna ki ji. Mu ne nan muka ba duniya dimokuraɗiyya."

"Haka ne," in ji ta. "Kun ba duniya duka, ba ku rage wa ƙauyenku ko cikin kofi ɗaya ba."

Aka yi dariya, ban da shi. Ya ce a ranar ya gane wannan matar da shirinta ta zo.

Abin da ta faɗa musu a tsaye, shi ta yi ta maimaita mana, mu 'ya'yansu, a aji shekara da shekaru. Ta ce masanan nan na dā da muke bugun ƙirji da su, ba bakinsu ɗaya ba. Wasu sun ce taron jama'a abin tsoro ne, mai zaƙin baki ɗaya ya isa ya kaɗa shi duk inda ya so. Wasu sun ce mutum ɗaya da iko a hannu ya fi zama abin tsoro. Wasu sun ce ɗan ƙasa na gaskiya shi ne wanda ya iya mulki ya kuma iya zama a ƙarƙashin mulki, yau shi gobe waninsa. Sun yi ta gardama har suka mutu. Amma a wuri ɗaya ta ga sun haɗu: kada a danƙa wa kowa iko a juya masa baya, kuma doka ta zauna a saman mutum, ba mutum a saman doka ba. Ta ce kada mu yarda da shugaba, kada mu yarda da taro, kada mu yarda da ita kanta. Malamai da yawa suna koyar da biyayya. Ita zargi ta koya mana, amma zargi mai ƙa'ida.

Shekara biyu ana jan magana kafin ƙauye ya gaji da fasa kai ya gwada shawararta. Ga yadda ake yi har yau. A farkon watan Yuni ake taruwa a gindin bishiyar dandali. Ana zuba baƙin wake a tukunya, ƙwaya ɗaya ga kowane gida mai lambu, amma biyar daga ciki farare ne. Kowa ya zura hannu ya zaro. Waɗanda suka zaro fari su ne wakilan ruwa na shekarar, ko sun so ko sun ƙi, kuma ba a yi sau biyu a jere. In bazara ta ƙare su tsaya a gaban jama'a, duk mai tambaya ya tambaye su. Mai magana kuwa, ana cika masa wani gwangwanin man zaitun mai huji da ruwa, in ruwan ya gama tsiyayewa ya rufe baki, ko da fada ne na coci. In an kawo ƙarar wani, a ba kowa wake biyu, fari da baƙi, ya jefa ɗaya a tukunya. Fari ya wanke, baƙi ya kama.

Barba Stamatis bai taɓa yarda da wannan tukunyar ba. A shekarar farko ya ce Malama tana sa farin waken a firji, don mutanenta su ji sanyinsa a yatsa su zaro. Ta ce ya yi tunani mai kyau, daga yau a shanya waken duka a rana a gaban kowa kafin a zuba. A shekara ta biyu ya ce tukunyar tana da lungu a ciki. Ta ce to ya kawo tasa daga gida. Ya kawo, da ita ake amfani har yanzu. Bayan nan ya ce ana ganin hannun mutum in zai jefa wake, mai tsoron maƙwabcinsa ba zai jefa gaskiya ba. Ta ce a rufe bakin tukunyar da ƙyalle. Rabin dokokin ruwan Drimonari daga zargin Barba suka fito, kuma wannan ne ya fi ƙona masa rai.

"Ka taɓa ganin mai gaskiya da ba ya jin haushi in an zarge shi?" in ji shi. "Ita ko gezau. Sai ta ce na gode, Barba. Na gode! Duk wanda ba ya musu, ya riga ya tanadi wata hanyar."

Haka ya yi shekara talatin yana nema bai samu ba. Sai shekara huɗu da suka wuce.

A damunar wannan shekarar ruwa ya ƙi sauka, marmaro ya koma kamar bakin buta. A cikin hunturun ne kuma Anestis ya rasu. Ba su haihu ba. Abin da ya bar mata shi ne gida da lambu a can ƙarshen lambatu, mai itacen lemo tara da ya dasa da hannunsa. Duk wanda ya wuce da yamma yakan gan ta zaune a cikinsu tana gyaran takardun ɗalibai, kuma masu kunne sun ce wani lokaci tana yi musu magana.

Da aka zo zaro wake, Barba Stamatis ya zura hannu a tukunyarsa, ya zaro fari. Kusan shekara talatin bai taɓa zarowa ba. Ya dubi waken, ya dubi Malama.

"Sai a shekarar da babu ruwa ko? Sai a shekarar da kowa zai zagi uwar wakili? Kiriya, na gane wasan."

"Tukunyarka ce, Barba."

"Shi ya sa na ce kin iya."

Ya karɓi aikin da ɗacin rai, amma ya riƙe shi yadda ba a taɓa riƙewa ba. Shi da sauran wakilai huɗu suka mai da ranar ruwa sau ɗaya a kwana goma sha biyu, suka hana zuba ruwan famfo a lambu. Tumatir ya ƙone a gidaje da yawa, har da nasa. Ganyen itatuwa ya nannaɗe. Yana yawon duba marafan ƙarfe a watan Yuli ne ya lura da wani abu. Itatuwan Malama, da suke a ƙarshen lambatu inda ruwa ke isa a gajiye, ganyensu shar. Ya durƙusa ya tura yatsa a gindin ɗaya ta ƙasan shinge. Ƙasar da danshi, alhali kwana bakwai ke nan da ranar ruwanta.

Ya gaya min cewa zuciyarsa ta buga kamar ta saurayi. Bai faɗa wa kowa ba. Ya zauna ya yi tunani: yaushe ne a ƙauyen nan babu ido ko ɗaya a waje? Ba da asuba ba, tsofaffi sun tashi. Ba da yamma ba. Lokacin ƙailula ne, daga ƙarfe biyu da rabi zuwa biyar, lokacin da ake rufe tagogi, ko kare ba ya motsi, kuma buga ƙofar mutum abin kunya ne. Shekara talatin yana gadin wannan mata, kullum a daidai wannan lokacin yana kan gado yana minshari kamar kowa.

Kwana uku dattijo mai shekara saba'in da huɗu ya yi yana tsugune a bayan katangar duwatsu cikin tsakar rana, da rigar ciki da hular kaba. A rana ta uku ya ji ƙarar ƙarfe. Ya leƙa. Ba Malama ba ce. Fotini ce mai gidan burodi, mace mai 'ya'ya uku, da gari har a gira, tana ɗaga marfin da ke kai ruwa ƙarshen lambatu.

"Sannu da aiki, Fotini."

Ta saki marfin, ta dafe ƙirji. "Wayyo Budurwa Maryamu! Barba, kashe ni za ka yi? Me kake yi a nan kamar ƙadangare?"

"Ni za ki tambaya? Ita ta aiko ki?"

"Na rantse ba ta sani ba. Barba, don Allah ka rufa asiri. Matar nan ita ta je ta zauna a ƙofar gidanmu kwana uku har babana ya bar ni na gama makaranta. Itatuwan nan su kaɗai suka rage mata. Minti goma kawai nake buɗewa. Kai ba ka da zuciya ne?"

"Ina da ita. Ina kuma da tumatir da ya mutu."

Ya jira har ƙarfe biyar ta buga, don ko ɗaukar fansa ba ta sa a buga ƙofa da ƙailula. Ya tarar da Malama ta fito lambu. Ya shirya ta musanta, ya tanadi amsa uku. Ya faɗa mata abin da ya gani, ya kafe ta da ido.

"Ban san Fotini ce ba," in ji ta. "Amma na san wani ne. Sau uku na fito na tarar da ƙasa a jiƙe."

"Kika yi me?"

"Na koma ciki na rufe ƙofa."

Barba ya tsaya yana kallonta. Abin da ya yi shekara talatin yana farauta ga shi an miƙo masa a hannu, sai ya ji bai yi masa daɗi ba. Ya ce nan take ya fara zargin ko wannan ma wani shirin ne.

"Kin san doka," ya ce. "Wanda ruwa ya shiga lambunsa ba ranarsa ba, da saninsa, babu shi babu ruwa sai an yi ruwan sama na farko."

"Na sani. Ni na rubuta ta. Ka kai ƙara ranar Lahadi."

Ranar Lahadi dandali ya cika, gida sittin da biyar. Fotini ta miƙe tana kuka ta amsa laifinta, aka yanke mata nata ba tare da an jefa wake ba. Da aka zo kan Malama, Barba ya faɗi abin da ya gani, gwangwani bai kai rabi ba ya zauna. Jama'a suka taso masa. Wata ta ce tsohon banza mai leƙen katanga. Wani ya ce a sa ya roƙi gafara. Kusan duk wanda ke wurin ko ɗalibinta ne ko uban ɗalibinta.

Sai Anargiros ya nemi gwangwani. Shi ne ɗan tsohon shugaban ƙauyen nan da aka karɓe ruwa daga hannunsa. Ya fi kowa yawan itatuwan zaitun da lemo, ya kuma daɗe yana cewa wannan wasan wake na yara ne. Ya miƙe da farar riga da murmushi.

"Jama'a, me ya kawo mu nan? Za mu jefa wa uwarmu wake? Wadda ta koya mana karatu? Doka don mutane aka yi ta, ba mutane don doka ba. Ni na ce a ajiye tukunya. A ɗaga hannu kawai a yafe mata, kowa ya tafi ya ci abinci."

Aka yi ta tafi. Hannaye suka fara tashi. Barba Stamatis ya ce a lokacin ya ji zarginsa ya tashi. Anargiros, wanda shekara talatin bai taɓa ce wa wannan mata ina kwana ba, yau ita ce uwarsa? Ya dubi farar rigar ya gane. In aka ajiye tukunya yau don Malama, mako mai zuwa za a ajiye ta don wanda ke da itace ɗari uku da dangi arba'in. Ya yunƙura zai yi magana, amma ya riga ya ci rabonsa na gwangwani, kuma ba mai sauraronsa.

Malama ce ta miƙe. Ta cika gwangwanin da kanta, ta rataye shi.

"Ku sauke hannayenku," ta ce. "Ba ni kuke ɗaga wa ba. Anargiros, na gode da uwar da ka ba ni, amma ka riƙe ta tukuna. A aji na gaya muku labarin tsohon nan na Atina da taron jama'a ya yanke wa hukunci, abokansa suka shirya masa hanyar gudu, ya ƙi. Kullum kuna tambayata ko mahaukaci ne. Shi bai yi laifi ba ma ya tsaya. Ni na yi. Ruwan da ya shiga lambuna na wani ne, na gani, na ji daɗi, na yi shiru. Barba Stamatis ya yi aikinsa, shi kaɗai a cikinku ya yi abin da na koyar. In kuna ƙaunata, ku raba wake. Ku wanke ni ko ku kama ni, amma a cikin tukunya, ƙarƙashin ƙyalle, inda ba wanda zai ga hannun wani."

Ta zauna tun ruwan bai ƙare ba. Ba wanda ya yi tafi. Aka raba wake, gida sittin da biyar, har da nata da na Barba. Mutane suka yi layi, kowa fuska a murtuke, kowa yana satar kallon na gabansa. Fada ya juye tukunyar a kan tebur ya ware. Fari talatin da biyu, baƙi talatin da uku.

Barba da kansa ya je ya ɗaure marfin lambunta da waya. Tana tsaye tana kallo. Ba a yi ruwan sama ba sai ƙarshen watan Oktoba. Ruwan wanke-wanke da na wanki ta dinga tarawa a bokiti tana kai wa itatuwan, amma bai isa tara ba, dole ta zaɓa. Fotini ta zo da jarka a ɓoye cikin buhun gari, Malama ta mai da ita da abinta. Ɗaya bayan ɗaya ganye ya zube. Uku suka rayu, shida suka mutu. Wanda ya ga yadda ta rame a wannan bazarar ba zai ce abin bai taɓa ta ba. Na je gaishe ta sau ɗaya na tarar ta rungume ɗaya daga cikin busassun tana kuka, na juya a hankali na fita. Na ji kunya, na kuma ji haushin ƙauyenmu, alhali na san daidai aka yi.

Kwana goma bayan hukuncin, Anargiros ya je wurin wakilai yana neman a ƙara masa sa'a biyu, wai itatuwansa sun fi yawa. Barba ya nuna masa ƙarshen lambatu da haɓa kawai. Anargiros bai sake tayar da maganar ba. A ƙauyuka biyu na maƙwabtanmu, a wannan shekarar, sai da 'yan sanda suka shiga rabon ruwa. A Drimonari ba a ɗaga fartanya ko ɗaya ba.

Malama Pelagiya, ke ce baƙuwar da ta dawo mana da kayan gidanmu. Ke ce kika ɗauko maganar da muka bari a kan duwatsun kufan kakanninmu don masu yawon buɗe ido su ɗauki hoto, kika sa ta a tukunyar wake. Ba a taɓa kiranki a talabijin ba, ba a sa sunanki a titi ba, a takardar sallamarki ma an rubuta sunan ubanki ba daidai ba. Ɗalibanki sun zama lauyoyi da direbobi da masu burodi, ɗaya ma yana majalisar lardi, kuma na ji an ce abokan aikinsa sun gaji da tambayoyinsa. Koyar da cewa doka tana saman kowa abu ne mai sauƙi. Ana faɗarsa a kowace makaranta a ƙasar nan. Ke kika biya kuɗinsa da abin da ya fi komai tsada a wurinki, a ranar da duk ƙauye ke roƙonki ki karɓa kyauta.

A walimar ajiye aikinta da aka yi a dandali makon jiya, an gasa rago, an sha, an yi jawabai, kowanne da gwangwani don ta ce ba ta yarda ba sai da shi. Barba Stamatis ya ƙi yin jawabi, ya ce bai san wanda ya shirya walimar ba. Sai da aka fara watsewa ya jawo kujera kusa da ita. Ina zaune a wurin.

"Kiriya, tambaya ɗaya. Shekara huɗu tana ci na. Wannan baƙin waken da ya yi rinjaye, naki ne?"

"A ƙarƙashin ƙyalle ake jefawa, Barba. Kai ka kawo dokar."

"Ka ji ta ko?" ya ce da ni. "Har yau ba ta amsa magana kai tsaye."

Ga masu karatu, musamman malamai da duk wanda aka danƙa wa makullin wani abu na jama'a, ko da famfon unguwa ne, ga abin koyi. Ku bar ƙofa a buɗe ga mai zarginku, ku ce masa na gode, ku mai da zarginsa doka. Ku kuma mabiya, in kuna son shugabanku, ku tambaye shi, kada ku ɗaga masa hannu ku yafe masa tun bai amsa ba. Ranar da doka ta zo kan wanda kuka fi ƙauna, ranar ce za ku san ko kuna da ita.

Malama, mun gode. Allah Ya ba ki hutu mai albarka, Ya raya miki ukun da suka rage. Saura abu ɗaya. Da na raka Barba gida bayan walimar, ya tsaya a ƙofa, ya duba hagu ya duba dama, ya sa na rantse ba zan rubuta ba. Ke kika koya min kada in rufa wa mai iko asiri, shi kuwa a shekarar shi ne wakili, don haka ya yi haƙuri. Ya ce da ya zura hannu ƙarƙashin ƙyallen, ya tuna Anestis yana dasa itatuwan nan, sai hannunsa ya ƙi bin umarninsa. Mutumin da ya kama ki, ya kai ƙararki, ya ɗaure marfinki da waya, farin wake ya jefa.